Muhawara: shin ɗan shekara 27 zai iya fara ƙwallon Amurka daga tushe?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙwallon Amurka, wato wanda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa, ba zari-ruga ba. Shekarata 27, ina zaune a Hamburg shekara uku ke nan, kuma wata biyu da suka wuce na samu sabon aiki a wani ɗakin ajiyar kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Akwai wani abokin aikina Bajamushe da yake buga wa wani ƙaramin kulob na unguwa, inda ba a biyan kowa ko sisi, kuma tun ranar da ya fara ganina yake bina da maganar cewa wannan jiki nawa asara ne idan ban je na gwada ba, domin tsayina mita 1.86 ne, nauyina kuwa kilo 118. Makon jiya ya kawo mini takardar ranar gwajin sababbi da za su yi a zauren motsa jiki, tunda sanyi ya hana su fita fili. Ni dai ban taɓa riƙe wannan ƙwallon mai siffar gwanda ba. Abin da na iya shi ne kokawa, wadda na yi tun ina yaro har na kai shekara 19, sai ƙwallon unguwa inda kullum ni ake turawa gola saboda rashin gudu. Ina so in san ko shekaruna ba su wuce ba, da abin da kayan wasan suke ci, da kuma gaskiyar haɗarin da ke ciki.

Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni sau ɗaya na taɓa hana idona barci na kalli babban wasansu na ƙarshen kaka, kuma na shafe fiye da awa uku ina kallon mutane suna taruwa, su yi karo na daƙiƙa biyar, alƙali ya busa, a sake taruwa. Har aka tashi ban gane wanda yake kai hari ba. Idan motsa jiki kake so, Jamus cike take da filayen ƙwallon da muka sani, kuma ban ga dalilin da mutum zai bar Damagaram lafiya lau ya je ƙasar sanyi ya biya kuɗinsa don a riƙa buga masa kai ba.

Kawun Landan:
Na Fagge, abin da ka kalla haka yake, amma ba ka samu wanda zai karanta maka shi ba ne. Ni na buga wasan nan shekara takwas a wani kulob na 'yan sa-kai a Ingila, kuma ina da shekara 29 na fara, saboda haka bari in amsa wa ɗana dalla-dalla.

Tsarin wasan ba shi da wuyar faɗi. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, tsawon filin yadi 100 ne, sannan akwai yankin ci mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci gaba da yadi 10; idan sun samu, a sake ba su huɗu, idan sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Shiga yankin ci da ƙwallo maki 6 ne, buga shi da ƙafa ta tsakanin turaku maki 3 ne. Taruwar da Na Fagge ya ga ana yi kuwa, a nan ake faɗin dabarar da za a yi a yunƙuri na gaba, kuma kowane mutum daga cikin sha ɗayan yana da nasa aiki na dabam a cikin wannan dabara. Wasan ya fi kusa da dara fiye da yadda ido yake nunawa, sai dai 'ya'yan darar mutane ne masu nauyi.

Game da shekaru, ka kwantar da hankalinka. A Turai mafi yawan 'yan wasan ƙananan kulob da girmansu suka fara. Christian Okoye na Enugu ya je Amurka ne don jifan faifai, bai fara wannan wasa ba sai yana da shekara 23, amma a 1989 shi ne ya fi kowa yawan yadin gudu da ƙwallo a gasar NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, yana buga wa Kansas City. Efe Obada ma yana da shekara 22 ya shiga London Warriors, kulob ɗin da ba a biyan albashi, kuma a 2018 ya samu gurbi a Carolina Panthers. Ban kawo sunayensu don in sa maka mafarkin Amurka ba, domin irinsu ɗaya ne a cikin dubbai, kuma kai da ni ba mu cikinsu. Na kawo su ne don ka san cewa fara wasan da gemu ba abin kunya ba ne.

Abokin aikinka ba zuga ka yake yi kawai ba. Kowane kulob na Turai yana da tarin samari sirara masu son gudu da cafe ƙwallo, amma kullum yana fama da ƙarancin manyan mutanen da za su tsaya a layi, wato sahun gaba inda ɓangarorin biyu suke karo da juna. Masu kai hari suna bukatar biyar a layi, masu tsaro uku ko huɗu, kuma idan babu su babu wasa. Kokawarka za ta yi maka rana, domin ka riga ka san cewa wanda ƙugunsa ya fi yin ƙasa shi yake kayar da ɗan uwansa, kuma wannan darasi ne da sabo yake shafe shekara guda bai gane ba. Amma kokawar za ta cuce ka ta fuska biyu. A fagen kokawa wanda hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi, a nan kuwa yawanci da hannu ɗaya a ƙasa 'yan layi suke fara yunƙuri. Sannan idan aka sa ka a layin masu kai hari, cafke rigar abokin karawa ko rungumarsa laifi ne da ake mayar da ku baya yadi 10, alhali hannunka ya saba da kamu tun kana yaro.

Maman Tagwaye:
Yaya, na gode da wannan bayani, amma ka yi saurin wuce tambayarsa ta uku, kuma ita ce ta fi damuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Amurka, inda wasan yake kamar addini a makarantun sakandare, kuma kowace kaka muna ganin yaran da ake kawowa daga fili ranar Juma'a da daddare. Ƙanena, ka fahimci abu ɗaya game da hular kwano: tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon, kamar yadda kwali mai kauri ba ya hana gwaiduwa motsi a cikin ƙwai. Wanda ya fara fito da wannan magana fili ma ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, wanda ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Pittsburgh Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya wallafa abin da ya gano a 2005, wato cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE wadda ake dangantawa da yawan bugun kai, ya kuma sha suka daga mahukuntan gasar kafin daga baya su amince. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka samu alamar wannan cuta a 110. Adalci ne in ƙara da cewa iyalan da suka ba da ƙwaƙwalen yawanci sun riga sun ga alamun rashin lafiya a mamatansu, saboda haka adadin ba ya nufin kowane ɗan wasa haka zai ƙare. Sai dai abin da ya kamata ka sani shi ne, gurbin da Yaya yake yaba maka, wato layi, shi ne inda ake yin ƙaramin karo a kusan kowane yunƙuri, kuma taruwar waɗannan ƙananan ce ake zargi, ba babban bugun da ke sumar da mutum kaɗai ba. Ban ma yi maganar gwiwa ba, wadda idan jijiyarta ta tsinke sai an yi tiyata an kuma shafe watanni ana jinya.

Kawun Landan:
Hajiya, ban musa ko kalma ɗaya ba, kuma da ɗan cikina ne ya tambaye ni, sai na sa shi ya karanta abin da kika rubuta sau biyu. Abin da zan ƙara kawai shi ne yawan bugun ba ɗaya ba ne. Waɗanda aka yi binciken a kansu sun fara tun suna yara, sun yi sakandare, sun yi jami'a, sun yi shekaru a matsayin sana'a, suna atisaye kusan kullum da mutanen da suka fi kowa ƙarfi a duniya. Mu kuwa sau biyu muke atisaye a mako, wasanninmu a shekara ba su cika kai goma ba. Haɗarin yana nan, amma ma'auninsa dabam ne.

Abin da na koya da jikina shi ne, lafiyarka ta fi rataya a kan kocin da ka samu fiye da hular da ka saya. Kulob ɗina na farko, a mako na biyu aka sa mini kaya aka jera ni gaban wani da ya shekara shida yana wasa, aka ce mu yi karo don a ga ko ina da zuciya. Na tashi ina ganin fitilun fili biyu-biyu, kocin ya ce in sha ruwa in koma layi, ni kuma don kada a ce baƙar fata matsoraci ne na koma. Kwana huɗu na yi da ciwon kai ina zuwa aiki. Da na sauya kulob a shekara ta gaba, sai da na yi makonni ina koyon kayar da jakar atisaye da kafaɗa, kai a sama, ido yana kallon abin da zan buga, kafin a bar ni na taɓa mutum. Saboda haka, ɗana, ranar gwajin nan kai ma gwajin su za ka je yi. Ka lura ko suna ware sababbi daga tsofaffi. Ka tambayi kocin abin da suke yi idan mutum ya bugu a kai. Idan amsarsa ba ta ƙunshi cewa mutum ya gama wasa a ranar kuma ba zai dawo ba sai likita ya sa hannu, ka yi musu godiya ka kama hanyar gida.

Malamin Zango:
Salamu alaikum jama'a. Ni mutumin Kumasi ne, shekarata ashirin a yankin Düsseldorf, kuma ɗana ya buga wa matasan wani kulob shekara huɗu, don haka zan yi magana a kan ɓangaren Jamus. Wasan ya daɗe a ƙasar nan fiye da yadda mutane suke zato, domin tun 1979 aka fara gasar ƙasa, kuma yanzu akwai matakai daga GFL, wato babbar gasar Jamus, a sama, sai GFL 2, sai gasannin yankuna har zuwa ƙananan rukunai, inda babu shakka kulob ɗin abokinka yake. Tun da NFL ta kawo wasanta Munich a 2022, masu zuwa gwaji suka ƙaru sosai a kulob ɗinmu. Ana buga kaka ne daga bazara zuwa farkon sanyi, shi ya sa suke ɗaukar sababbi yanzu, don su samu watannin zaure su koya muku kafin a fita ciyawa.

Kada ka sayi komai tukuna sai robar kare haƙora, wadda ba ta da tsada. Sabuwar hula ta kamfanoni irin Riddell ko Schutt tana cin ɗaruruwan Yuro, sulken kafaɗa ma ba arha ba ne, amma kulob da yawa suna ba sababbi aro ko haya a shekarar farko. Idan daga baya za ka sayi ta hannu, ka duba shekarar da aka ƙera ta, domin hular da ta kai shekara goma ba a ƙara sabunta ta, kuma kada ka saya ta intanet ba tare da wanda ya sani ya gwada maka a kanka ba. Za ka biya kuɗin zama ɗan ƙungiya, sannan su yi maka katin ɗan wasa kafin ka shiga gasa.

Abin da ya ja hankalina a saƙonka shi ne ka ce wata biyu ke nan da fara sabon aiki. Ka duba takardar kwantiraginka, domin a nan yawanci akwai lokacin gwajin aiki har wata shida, wanda a cikinsa za a iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu kawai. Inshorar lafiya za ta biya maganin karaya, doka ma ta ce mai aiki ya ci gaba da biyan albashi har mako shida idan ma'aikaci ya kwanta, amma mai ɗaga kaya da ya zo da gwiwa a ɗaure a wata na uku ya ba su dalilin sake tunani. Wanda ke aika wa iyaye kuɗi a gida dole ya sa wannan a lissafi.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba wanda zai faɗa maka. Wurin wanka na gama-gari ne, kuma mutanen nan ba su ɗauki tsiraici a bakin komai ba. Ɗana da gajeren wandonsa yake wanka ko ya bari sai ya zo gida, kuma bayan tsokanar mako ɗaya kowa ya manta. Bayan wasa akwatin giya ake kawowa, sai ka ce ba ka sha tun ranar farko, domin wanda ya yi kwana-kwana shi ake ta yi wa tayi. Azumi kuwa a shekarun nan ya faɗo cikin sanyi, rana tana faɗuwa da wuri, atisaye kuma da daddare ne, saboda haka ka samu sauƙin da na baya ba su samu ba. Husain Abdullah ya yi azumi a tsakiyar atisayen bazara a NFL, har ya ajiye kakar 2012 gaba ɗaya shi da yayansa Hamza suka tafi aikin Hajji.

Maman Tagwaye:
Malam, wannan Husain ɗin da ka ambata ya yi ritaya a 2016 yana ɗan shekara 30, kuma da bakinsa ya ce buguwar kai har sau biyar ce ta sa ya ajiye. Ina so ƙanena ya riƙe ƙarshen labarin tare da farkonsa.

Mai Tuta:
Ina gaida iyayena da yayyena. Na yi mamakin yadda har yanzu ba wanda ya ambaci ƙwallon tuta, wanda nake bugawa a nan Legas shekara biyu ke nan. Wasan ɗaya ne a tushe, amma mutum biyar-biyar ne, babu hula, babu kayarwa, sai dai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugun mai riƙe da ƙwallo. An sa shi cikin wasannin Olimfik na Los Angeles na 2028, kuma a 2025 'yan Najeriya maza da mata suka lashe gasar Afirka da aka yi a Alƙahira. Kusan duk abin da Anti take tsoro babu shi a ciki, kuɗin kaya kuma bai wuce na takalmi da ɗamara ba. Me zai hana Yaya ya fara da shi?

Na Fagge:
Ƙanwata, ko ni da ban san wasan ba na ga inda shawararki ta yi rauni. Mutumin nan ya ce gola ake tura shi saboda rashin gudu, kuma abin da ake nema a wurinsa nauyi ne. Idan an cire ture da kayarwa, me kilo 118 zai yi a cikin yara masu gudu kamar barewa?

Mai Tuta:
Gaskiyarka, Yaya. A tsarin biyar-biyar ba a yarda a tare mutum da jiki ba, don haka nauyinsa ba zai amfane shi ba, kuma watakila gurbin mai miƙa ƙwallo a farkon yunƙuri kawai zai samu. Duk da haka zai koyi dokoki da karanta dabaru ba tare da ya sa kansa a gaba ba, kuma kulob da dama suna da ɓangarorin biyu a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ina ganin tambaya ba za ta ci masa komai ba.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun kwana tara, na je gwajin ne ranar Asabar kuma sai jiya cinyoyina suka yarda na hau matakala ba tare da na riƙe ƙarfe ba. Mu goma sha huɗu muka zo, kuma ba ni ne babba ba, akwai wani direban bas mai shekara 34. An auna gudunmu na yadi 40, inda na zo na biyun ƙarshe, aka sa mu tsalle daga tsaye da zagaya robobi, sannan aka raba mu. Kawu, duk abin da kuka faɗa sai da ya faru. Da kocin ya ce in dafa ƙasa da hannu, jikina ya ƙi, har sai da ya zo ya danna kafaɗata, domin shekara goma sha biyu ana koya mini cewa wannan faɗuwa ce. Da aka ba wani jakar atisaye ya riƙe aka ce in ture shi, ban san lokacin da na cafki rigarsa na juya shi ƙasa ba. Duk zauren ya fashe da dariya, kocin ya tambaye ni inda na koyi wannan, na ce masa kokawar gargajiya ce ta Nijar, sai ya ce to wurina layin masu tsaro ne, inda hannu yake da 'yanci fiye da ɗaya ɓangaren.

Na yi masa tambayar da kuka ce, duk da Jamusancina ya ɗan kakare. Ya ce sababbi ba sa karo da kowa sai sun yi aƙalla wata biyu a kan jaka, kuma wanda ya bugu a kai ba ya komawa sai da takardar likita. Hajiya, na karanta saƙonku fiye da sau biyu, kuma ban ce tsoro ya bar ni ba. Na duba kwantiragina kamar yadda Malam ya ce, lokacin gwajin aikina wata shida ne, saura wata huɗu. Na gaya wa kocin cewa zan riƙa zuwa atisaye amma ba zan yi karo da mutum ba sai wannan lokaci ya cika, ko da zan rasa wasannin farko, ya ce ba damuwa, domin littafin dabarun da ya ba ni ma zai ci fiye da haka kafin ya zauna mini. Shafi talatin da wani abu ne, cike da da'ira da kibiyoyi, kuma kalmomin duk na Turanci ne a bakin Jamusawa. Suna da ɓangaren tuta ranar Laraba, zan leƙa sau ɗaya saboda ƙanwata Mai Tuta.

Hular aron da aka gwada mini ta matse ni har kumatuna suka taru, na ce a ba ni babba, mai kula da kaya ya ƙi. Shin haka ya kamata ta zama, ko dai don ita ce ta rage?

Kawun Landan:
Haka ya kamata, ɗana, mai kayan ya san aikinsa. Ka sa ta ka ɗaure igiyar haɓa, wani ya riƙe ƙarfen fuskar ya juya hagu da dama; idan fatar goshinka da kumatunka suna bin hular, ta yi daidai, idan kuwa hular tana zamewa ita kaɗai, ta yi yawa. Matsi dabam, ciwo dabam: idan bayan minti ashirin wuri ɗaya a goshi ko bayan kunne yana yi maka zogi, ka koma ya rage iskar da ke cikin matashinta ko ya sauya na kumatu. Kuma kada ka yi gwajin da sumar da ka tara sannan ka je ka yi ƙwal-kwabo, domin aski kaɗai yana iya sa ta yi sako-sako. Robar haƙoran kuma sai ka tsoma ta a ruwan zafi yadda aka rubuta a kwalinta, ka ɗan bari ta huce, ka cije ta har ta ɗauki siffar haƙoranka. Ka sayi biyu, domin ta farko yawanci lalacewa take yi a wurin dafawa.